Abin da Ke Cikin Durowar Shago

Asabar, daga shago

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafarsa? Ki ce masa ya rage zama wuri ɗaya, ƙarfe ma in aka ajiye shi tsatsa yake yi. Mu nan alhamdu lillahi. Bayana yana nan yadda kika san shi, in na sunkuya sai na yi shawara da shi kafin in miƙe. Uwar Dogo ba ta cin abinci sosai tun ranar da aka tafi da shi, amma tana tsaye.

Kin yi ta kiran waya ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne. Shekara talatin da shida ina yankan ƙarfe, inji ya cinye mini kunnen dama, na hagun ma saura kaɗan. In na ɗauki waya ihu nake yi, mai facin taya na tsallaken titi ma sai ya ji sirrina. Maganar Dogo kuwa ba ta ihu ba ce. Saboda haka takarda za mu riƙa yi. Direban nan da ake ce wa Gobe-da-nisa zai riƙa kai miki, ki ba shi amsa in zai juyo.

Na gode da kika karɓi ɗana Dogo kika kai shi asibiti. Abin da na gani ranar Talata ba na fatan in sake gani. Yana cikin walda sai kawai ya sandare, ya faɗi tsakanin ƙofofin da muke haɗawa, yana fizge-fizge, kumfa a baki. Likitan unguwarmu ya ce ƙwaya ce, kuma sai babban asibiti irin na wajenku, inda ake kwantar da mutum a raba shi da ita a hankali. Ƙwaya, Auta. A gidana. Ni da ko taba ban taɓa sa wa a baki ba.

To ga magana. Uwar Dogo ta ce kin ce mako huɗu suka yanka masa kuma suna son kuɗin duka. A cikin ambulan ɗin nan akwai rabi. Haka nake aiki, haka aka san ni: rabi kafin aiki, rabi in an ga aiki. Ban taɓa karɓar cikon kuɗin ƙofa ba sai mai ita ya buɗe ya rufe ya ji ba ta ƙara. Su ma su nuna mini aikinsu.

Na biyu, kin ambaci wata takardar neman taimako ta marasa ƙarfi. Kada ki ƙara ambata mini ita. Da guduma ɗaya ta aro na fara, a gindin bango, yau ina da shago mai ƙofa uku da ma'aikata. A aji uku na sakandare na tsaya, amma ban taɓa miƙa hannu ba sai don karɓar ladan gumina.

Na uku, ki binciko mini abokin banzan da ya koya masa. A shagona ba shaye-shaye, ba zaman kashe wando. Wanda ya gaji ma ba na barinsa ya fita neman magani, akwai maganin gajiya a durowar teburina, in ba shi biyu ya kora da ruwa ya koma aiki. Duk wannan kula da nake yi, wani ɗan iska ya zagayo ta bayana. Sunansa kawai nake so.

Kada dangi su ji. In an tambaya, zazzaɓi ne.

Yayanki

Talata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso jiya Litinin, Gobe-da-nisa ya ci sunansa. Muna lafiya. Maigidana yana gaishe ka, ya ce shi ba ƙarfe ba ne, katako ne, a bar shi ya huta. Ka gaida mini uwar Dogo, ka ce mata ta ci abinci don Allah, ɗanta yana hannu.

Yau kwanansa shida. Ɗakin a hawa na biyu yake, gado shida, kowane da labulensa. Ba a shiga da jaka, ko ruwan da na kawo sai nas ta buɗe ta shaƙa. Kwana ukun farko ban so ka gani ba. Gumi kamar an tsamo shi daga rijiya, amai, gudawa, ƙafafunsa ba sa tsayawa wuri ɗaya, yana cewa ƙasusuwansa ake sara. Sun sa masa ruwa a jijiya, suna auna jininsa safe da yamma. Akwai wani magani da suke ba shi a ƙayyade, likita ta ce za su riƙa rage shi kaɗan kaɗan har jikinsa ya saba da babu. Ta ce abin kamar sauka daga bene ne, ba a tsalle.

Jiya ya ɗan samu kansa. Ya daɗe yana kallon ƙarafan taga, sai ya ce, "Gwaggo, wanda ya yi waldar nan da a shagon Baba yake da bai kai la'asar ba." Na yi dariya har nas ta leƙo. Ɗanka ne dai har a gadon asibiti.

Na kai kuɗin wajen akawu, na faɗa masa ƙa'idarka ta rabi da rabi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Baiwar Allah, ke tela ce ko?" Na ce e. Ya ce, "To nan ba a gwada riga kafin a biya." Ya karɓa dai, ya rubuta mako biyu. Ranar Laraba ta mako mai zuwa zai ƙare. Takardar taimakon kuwa ba bara ba ce, Yaya. Asusu ne asibitin ya ajiye don irin wannan, suna ɗauke ragowar in mai ciyar da marar lafiya ya rubuta abin da yake samu ya sa hannu. Tunda a gidanka yake ci, a shagonka yake aiki, hannunka suke so. Na ambata, ka yi haƙuri.

Maganar aboki. Likita ma ta tambaye shi, ba don 'yan sanda ba, tana so ta san tun yaushe ya fara, domin da haka take lissafa yadda za ta rage masa. Ya faɗi yawan da yake sha, goma a rana. Da ta ce wa ya fara ba ka, sai ya juya fuska bango. Da muka rage mu biyu ya riƙe mini hannu ya ce, "Ki ce wa Baba kada ya zo."

Na faɗa maka yadda ya faɗa.

Ƙanwarka, Auta

Alhamis

Auta,

Gaisuwa. Lafiya muke. Baya ya matsa mini jiya amma na yi maganinsa.

Kada in zo. Na karanta layin nan sau huɗu. Ni na haife shi, ni na ɗora masa abin walda a hannu yana shekara goma sha biyar, yau ni ne ba a son gani, ɗan iskan da ya lalata shi kuwa ana rufa masa asiri. Madalla. Ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina da aikin yi.

Ki ce wa akawun nan mai tabarau ni ba mabaraci ba ne kuma ba sakarai ba. Mako biyu ya isa a wanke jinin mutum. Tankin mota ma a yini ɗaya nake wanke shi in like. Sauka daga bene! In namiji ya ce ya bar abu, ya bar shi ke nan. Ranar da babanmu ya rasu kina goye, na ajiye littafi na ɗauki guduma, ban nemi wani ya rage mini maraici kaɗan kaɗan ba. Yaran yanzu zuciya ce babu.

Ba zan ƙara ko sisi ba sai na ga aiki, kuma sai na ji sunan nan. In ya faɗa, a ranar zan san abin yi.

Yayanki

Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da baya. Dogo ya ci abinci sau biyu jiya, ya taka har ƙarshen baranda ya dawo. Barci ne har yanzu sai a hankali.

Ban karanta masa wasiƙarka ba. Na ce kana gaishe shi, Allah ya yafe mini.

Na tambayi likita ko mako biyun zai isa. Ta ajiye biro ta ce, "Gwaggo, a tsakiyar bene yake. In ya fita yanzu jikinsa zai nema, shi kuma zai koma kan goman da ya saba, alhali jikin ya daina ɗaukar goma. A irin wannan komawar muke rasa su." Haka ta ce, muke rasa su. Ban ƙara gishiri ba.

Yaya, a cikin takardar nan na naɗe wani abu. Wandon da aka kawo Dogo da shi na ɗauka zan wanke, sai na ji abu a ƙugu, an farke ɗinkin an cusa. Ka san idon tela. Fankon ƙwaya ne, na goma, ba ko ɗaya a ciki. Na nuna wa likita, ta ce ita ce. Ta ce maganin ciwo ne mai ƙarfi, na wanda aka yi wa aiki ko ya karye, ba a bayar da shi sai da takardar likita, kuma na 'yan kwanaki.

A wasiƙarka ta farko ka yi maganar maganin gajiya na durowa. Ni ban ce komai ba, ni ƙanwa ce. Ka dai buɗe durowar ka ajiye wannan kusa da wancan.

Laraba ce ranar ƙarshe. Ina jiran Gobe-da-nisa.

Auta

Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko ana amsawa ba. Mako guda ke nan. Sau uku ina zuwa tasha. Gobe-da-nisa ya rantse a hannunka ya sa wasiƙata ranar Lahadi, ya ce tun daga nan in ya biya ta shago ma'aikata ke cewa maigida ba ya nan. Na kira uwar Dogo, ta ce ba ka jin daɗi, ta kashe waya. Na san irin wannan rashin jin daɗin. Tun muna yara in aka faɗa maka gaskiya sai ka shiga ɗaki ka ja ƙofa.

Laraba ta zo ta wuce. Akawu ya aiko a haɗa kayan Dogo. Na kai keken ɗinkina gidan maƙwabciya, ta ba ni abin da ya kai shi Talata da azahar. Ba gori nake yi ba, kai ka saya mini keken. Amma ba ni da keke na biyu.

Ka ce ba a son ganinka. To ga bayanin layin da ka karanta sau huɗu. Shekaranjiya na matsa masa, na ce, "Kai Dogo, uban da ya haife ka kake kora?" Sai hawaye. Ya ce, "Gwaggo, in Baba ya zo likita za ta tambaye shi a gaban mutane. Baba bai san mene ne ba. Shi a wajensa taimakona ya yi. In ya sani ba zai ƙara ɗaga kai a unguwa ba." Ya sa na yi alkawari ba zan faɗa maka ba. Ga shi na karya.

Kwana goma sha bakwai yaron nan yana amai da rawar jiki yana tsare maka mutunci. Kai kuma kana can kana tsare shi daga takarda ɗaya. Na sako ta a ciki. In ka ga dama ka yi fifita da ita.

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, kai ka raine ni. Yau na ɗaga. Talata da azahar, Yaya.

Auta

Litinin, daga gida

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaida maigidanki da yara. Kin saba in ce lafiya muke. Yau ba zan ce ba. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ne.

Ban ja ƙofa don fushi ba. Bari in faɗa miki tun daga farko, don ban iya tsallake ba.

Ranar Lahadi na buɗe durowa na ajiye naki kusa da nawa. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, har lambar da ke gefe. Na rufe durowar na ce ƙarya ne, likitoci ne da son ɗora wa mutane laifi. Kwana biyu ina faɗa da kowa a shago. Ranar Laraba na ce to bari in nuna musu. Ni ma ai ina sha, biyu da safe, biyu da la'asar, don baya. In wannan ce ƙwayar da ake faɗa, ni zan bar ta a yini ɗaya, in rubuto miki ki karanta wa likitarku da benenta. Na kulle durowa na ba uwar Dogo makulli.

Auta, ban kai la'asar ɗin Alhamis ba. Duk abin da kika lissafa mini na Dogo, ɗaya bayan ɗaya ya zo ya same ni, kamar wasiƙarki suke karantawa. Gumin, aman, ƙafafun. Na kwanta a kan siminti ina cizon hannun riga don kada maƙwabta su ji. Ranar Asabar na rarrafa har ƙofar ɗakin girki na roƙi matata makulli. Shekara ashirin da shida da aure ban taɓa roƙonta komai ba. Ta dube ni ta ce, "Maigida, ashe kai ma?" Ta kira likitan unguwa. Ya yi mini faɗa kamar yaronsa, ya ce ba a tsayar da ita haka kai tsaye, in ci gaba da kaɗan har in isa inda za a kula da ni. Yanzu haka ɗaya na sha kafin na iya riƙe biro. Kwana uku na yi. Yaron da na ce ba shi da zuciya ya yi goma sha tara.

Ki rubuta wa likita wannan, tunda tana son sanin tun yaushe. Shekara shida da suka wuce, da damina, aka ba mu aikin tagogi arba'in da ƙofofi tara na wata makaranta, a gama cikin mako uku. Shi ne aiki mafi girma da na taɓa samu. Bayana ya riƙe, wani mai kemis a bayan tasha ya ba ni ita ya ce maganin gajiya ce, masu aikin ƙarfi duk ita suke sha. Na ji daɗinta. Dogo yana shekara goma sha takwas, a mako na biyu kafaɗarsa ta kumbura, ya ce, "Baba, hannuna ba ya ɗaguwa." Na buɗe durowa na ba shi biyu, na miƙa masa ruwa da kofina. Muka gama aiki da saura kwana ɗaya, na yi ta yabonsa a gaban mutane. Kin ce in ji sunan in san abin yi. A'a, ni na ce. To na ji shi.

Ma'aikatana biyu ma na kira su jiya na faɗa musu, na tura su wajen likitan unguwa. Babban cikinsu, mai 'ya'ya huɗu, sunkuyar da kai kawai ya yi. Gara da ya zage ni.

Saura maganar kuɗi. Ƙa'idar rabi da rabi gaskiya ce, amma ba ita ta hana ni ba. Babu ne. Tun da aka fara shigo da ƙofofin kamfani aiki ya ja baya, ƙofa ɗaya cikin ukun shagon ma na daɗe ban buɗe ta ba. Rabin da na aiko miki janareta na sayar. Na gwammace ki ce Yaya mugu ne da ki ce Yaya ba shi da shi.

Na cike takardar. Inda aka ce a rubuta abin da ake samu a wata na rubuta gaskiya, na dube ta na ga ashe ba ta fi layi ɗaya ba. Na sa hannu. Ya ɗan karkace, amma nawa ne. Ki kai wa mai tabarau, ki ce masa telar ta dawo da yayanta.

Injin lanƙwasa ƙarfe, wanda na fara saya da kuɗina, na sayar da shi, yau da safe aka zo aka ɗauka, kuɗin suna hannuna. Ki fara karɓo kekenki, wannan ba shawara ba ce. Abin da ya rage ki riƙe, ki tambayar mini likita: mutum mai shekara hamsin da biyu, huɗu a rana, shekara shida, mako nawa za ta yanka masa? Kada ki ce wani ma'aikaci ne ko maƙwabci. Ki ce mahaifin Dogo ne. In akwai gado a ɗakin nan mai shida, ina so. In Dogo ba ya son ganina a kusa, su sa ni a ƙarshe wajen taga, ba zan yi maganar waldar ba.

Wannan wasiƙar ba zan ba Gobe-da-nisa ita ba, azahar ba ta jiran mai suna irin nasa. Ni da ita mota ɗaya za mu shiga gobe da sassafe. Na rubuta ne don na san bakina, in na gan ki zai koma yin Yaya. Zan miƙa miki a ƙofar asibiti. Ki karanta tukuna kafin ki dube ni, sannan ki hau ki tambayi Dogo ko in shigo.

Zan jira a ƙasan benen.

Yayanki